Me ya sa siffar ƙwayar zarra ke ta sauyawa a littattafan kimiyya?

"Ni malamin kemistiri ne a wata sakandare, ban daɗe da fara koyarwa ba. Duk lokacin da na zo darasin ƙwayar zarra, sai in ce Dalton ya faɗi kaza amma ya yi kuskure, Thomson ya gyara shi ma ya yi kuskure, haka Rutherford, haka Bohr. Wani yaro ya tambaye ni, tun da ba wanda ya gan ta da ido, me ya tabbatar mana cewa na yanzu ma ba kuskure ba ne? Kuma idan siffar Bohr ta faɗi, don me ake sa su zana ta a jarrabawa? Na rasa amsar da za ta gamsar da shi. Ina neman ƙarin haske."

Malam, tambayar yaron nan biyu ce a haɗe. Ta farko, da me aka san abin da ido bai gani ba. Ta biyu, mene ne amfanin siffar da aka riga aka san iyakarta. Ruɗanin yana tasowa ne daga yadda muke koyar da darasin: muna jera sunaye da zane-zane, mu bar gwaje-gwajen da suka haifi kowane zane. Alhali kowane ɗaya daga cikin mutanen nan wani awo ne ya tsaya masa a gaba, ya nemi siffar da za ta bayyana shi. Abin da aka auna yana nan har gobe, siffar ce ake sauyawa idan sabon awo ya fi ƙarfinta. In yaro ya san awon da ya kafa kowace siffa da awon da ya karya ta, ya samu amsar tambayoyinsa duka biyu.

Kafin a fara awo

A ƙarni na 5 kafin Miladiyya, Leucippus da almajirinsa Democritus a ƙasar Girka sun ce idan aka yi ta yanka abu, dole a kai wurin da ba ya yankuwa, kuma tsakanin waɗannan ƙwayoyi babu komai sai sarari. Aristotal ya ƙi wannan magana, ya tafi kan cewa jiki yana rabuwa ba iyaka, kuma ra'ayinsa ne ya yi rinjaye a makarantun Turai tsawon ƙarnoni.

Wanda ya yi karatun tauhidi a zaure ba baƙo ba ne ga wannan muhawara. Malaman ilimin kalam, musamman Ash'arawa irin su Alƙali Baƙillani da ya rasu a 1013, sun tafi kan cewa jikkuna an haɗa su ne daga jauhari tilo wanda ba ya rabuwa, shi kuma yana ɗauke da siffofi masu bijirowa kamar launi da motsi. Da wannan suka kafa hujja cewa duniya fararriya ce. Ibn Sina ya saɓa musu, ya kawo nasa hujjojin. Ya kamata a lura cewa jauharin malaman kalam da ƙwayar zarra ta masu kemistiri ba abu ɗaya ba ne. Na farko hankali ne ya kai gare shi, kuma sharaɗinsa rashin rabuwa. Ta biyu sikeli ne ya kai gare ta, kuma an fasa ta. Fasa ta bai rushe maganarsu ba, bai kuma tabbatar da ita ba. Duk waɗannan magabata, na Girka da namu, ba su da hanyar auna nauyi ko girman abin da suke magana a kai, shi ya sa muhawarar ta kai shekara 2,000 ba a yanke ta ba.

Sikeli da Dalton

A ƙarshen ƙarni na 18 abubuwa biyu suka tabbata. Lavoisier a Faransa ya nuna cewa idan aka rufe mazubi aka ƙona abu a ciki, nauyin gaba ɗaya ba ya raguwa ba ya ƙaruwa. Proust kuma ya nuna cewa haɗaɗɗen sinadari ɗaya kullum kason abubuwan cikinsa ɗaya ne: giram 9 na ruwa, ko na rijiya ne ko na sama, giram 1 na haidurojin ne da giram 8 na oksijin.

John Dalton, malamin makaranta a Manchester, ya lura da abu na uku wajen 1803. Kabon yana haɗuwa da oksijin ta hanya biyu. A iska guda, giram 12 na kabon yana ɗaukar giram 16 na oksijin. A ɗayar, giram 12 ɗin yana ɗaukar giram 32. Ninki biyu daidai, ba 1.7 ko 2.3 ba. In da abu yana rabuwa ba iyaka, babu dalilin da zai hana kowane kaso fitowa. Amma in ƙwayoyi ne masu nauyi tsayayye, to ko ka haɗa ɗaya da ɗaya, ko ɗaya da biyu, babu rabi. Wannan shi ne dukan ƙarfin nazariyyar da ya buga a 1808, kuma har yau da ita ɗalibanka ke daidaita lissafin haɗuwar sinadarai.

Inda ya tuntuɓe shi ne ba shi da hanyar sanin ƙwayoyi nawa ne a cikin kowane haɗi, sai ya ɗauki mafi sauƙi. Ya ce ruwa haidurojin ɗaya ne da oksijin ɗaya, don haka nauyin oksijin ya fito masa 7, kusan rabin 16 na gaskiya. Gay-Lussac ya auna a 1808 cewa lita 2 ta haidurojin da lita 1 ta oksijin suna ba da lita 2 ta tururi. Avogadro a 1811 ya fitar da ma'anar hakan: lita ɗaya ta kowace iska, a zafi da matsi iri ɗaya, adadin ƙwayoyinta ɗaya ne, kuma haidurojin da oksijin bibbiyu suke tafiya. Ba a saurare shi ba sai da Cannizzaro ya farfaɗo da maganar a taron Karlsruhe na 1860. Da nauye-nauyen suka daidaita, Mendeleev ya jera su a 1869, ya bar gurabe, ya kuma faɗi siffofin abubuwan da za su cike su. An gano galiyam a 1875, sikandiyam a 1879, jamaniyam a 1886, duk kusa da yadda ya faɗa.

Duk da haka, har farkon ƙarni na 20 akwai manyan masana irin su Ostwald da Mach da ke cewa ƙwayar zarra dabarar lissafi ce kawai. Tambayar yaronka ke nan, su ma ita suka yi. Abin da ya yanke ta shi ne wani motsi da Robert Brown ya gani a madubin ƙara girma a 1827: ƙananan ɓarɓashi a cikin ruwa suna ta karkarwa ba tsayawa. Einstein a 1905 ya lissafa nisan da ɓarɓashin zai yi a wani lokaci idan ƙwayoyin ruwa ne ke bugunsa, Jean Perrin kuma ya auna shi daga 1908. Daga nan ya fitar da adadin ƙwayoyin da ke cikin giram 18 na ruwa, kusan 6 da sifiri 23 a bayansa. Hujjar ba a awo ɗaya take ba. Hanyoyi dabam-dabam da ba su da alaƙa da juna, daga karkarwar ɓarɓashi zuwa cajin lantarki zuwa ƙirga abin da radiyam ke fitarwa, duk suka ba da kusan lamba guda. Ostwald ya sallama.

An gano tana da ciki

A 1897 J. J. Thomson a Cambridge ya yi aiki da bututun gilashi da aka zuƙe iskar cikinsa aka sa masa wutar lantarki mai ƙarfi. Wani haske yana fitowa daga ƙarfen da ke gefen negatif. Ya lanƙwasa shi da faranti biyu masu caji, ya mayar da shi daidai da maganaɗisu, daga nan ya fitar da kason caji da nauyi na abin da ke tafiya. Ya sauya ƙarfen, ya sauya ragowar iskar, amsar ba ta sauya ba. Ke nan abu ne da ke cikin kowace ƙwaya, kuma ya fi haidurojin rashin nauyi ninki fiye da 1,000. Adadin da aka tabbatar daga baya shi ne 1,836. Wannan shi ne elektiron. Millikan a Amurka ya auna cajinsa da ɗigon mai daga 1909.

Tun da ƙwaya gaba ɗayanta ba ta da caji, dole akwai fozitif a wani wuri. Thomson a 1904 ya ɗauka a baje yake cikin dukan ƙwayar, elektiron kuma suna nutse a cikinsa. Ana yawan raina wannan siffa a aji, kuma bai kamata ba. Lissafi ne mai kyau bisa abin da aka sani a lokacin, kuma ta faɗi abin da za a iya gwadawa, wanda shi ne ya jawo faɗuwarta.

Gwajin Manchester

Wannan gwaji ya cancanci a ba shi darasi guda cur, domin a nan ɗalibi ke ganin yadda ake gano abin da ke ɓoye ta hanyar jifa.

Kayan aikin su ne: wani sinadari mai fitar da ƙwayoyin alfa masu cajin fozitif, a cikin kariya mai ƙaramar kafa don su fita a layi ɗaya, fallen zinariya mai kaurin santimita 0.00004, wato kaurin ƙwayoyi fiye da 1,000 a jere. Da ƙaramin allo da aka shafa wa haɗin tutiya da farar wuta, wanda ke yin ɗan walƙiya duk lokacin da alfa ɗaya ta buge shi. Mai ƙirga yana zama a ɗaki mai duhu har idonsa ya saba, sannan ya duba allon ta madubin ƙara girma yana ƙirga walƙiyar ɗaya bayan ɗaya. Ido yana gajiya da wuri, don haka mutum biyu ke karɓa-karɓa. An zaɓi zinariya ne saboda tana buguwa ta yi siriri fiye da kowane ƙarfe, kuma ƙwayarta mai nauyi ce. A gwaje-gwajen da suka biyo baya an zuƙe iskar akwatin, domin iska kanta tana tsayar da alfa bayan 'yan santimita kaɗan.

Ƙwayar alfa ta fi elektiron nauyi ninki 7,300, kuma tana gudun fiye da kilomita 15,000 a daƙiƙa. Elektiron ba zai iya juya ta ba. Cajin fozitif da aka baje a faɗin ƙwaya shi ma ba shi da ƙarfin da zai karkatar da ita sai da ɗan kaɗan ƙwarai. Bisa siffar Thomson ke nan, duk za su wuce, ba wadda za ta dawo. A 1909 Hans Geiger da Ernest Marsden, ƙarƙashin Ernest Rutherford, suka mayar da allon gefen da alfa ke fitowa. Sai ga walƙiya. A farantin filatinam, kusan 1 cikin 8,000 tana dawowa. A fallen zinariyar nan, kusan 1 cikin 20,000 tana karkata da digiri 90.

Amsar Rutherford ta fito a 1911, kuma tana da sassa biyu waɗanda ɗalibai ke cakuɗawa. Wucewar mafi yawansu yana nuna mafi yawan ƙwayar sarari ne. Dawowar 'yan kaɗan yana nuna dukan cajin fozitif da kusan dukan nauyin sun taru a wuri guda ɗan ƙarami, domin sai caji ya taru haka alfa za ta iya matsowa kusa da shi har turin ya isa ya juya ta. Bai tsaya kan bayani da baki ba, ya fitar da lissafin adadin da ya kamata a gani a kowace kusurwa. Geiger da Marsden suka ƙirga walƙiya fiye da 100,000, a 1913 suka buga sakamakon da ya dace da lissafin. Faɗin ƙwayar zarra kusan kashi 1 cikin biliyan 10 na mita ne, cibiyarta kuma ta fi haka ƙanƙanta ninki 10,000 zuwa 100,000. In ƙwayar haidurojin ta kai faɗin filin ƙwallo, cibiyarta ba za ta kai ƙwayar gero ba.

A lura, alfa ba ta cin karo da cibiyar ta taɓa ta. Turin caji da caji ne ke mayar da ita tun kafin ta isa. Yara da yawa suna rubuta cewa ta bugi cibiya ta yi tsalle, kuma wannan yana ɓoye musu ainihin dalilin.

Matsalar da Bohr ya tarar

Siffar Rutherford ta bar rami babba. Idan elektiron yana tsaye, cibiya za ta jawo shi. Idan yana kewayawa, dokokin lantarki da Maxwell ya kafa sun ce caji mai kewayawa dole ya riƙa fitar da haske yana rasa kuzari, ya faɗa cikin cibiya a cikin kusan kashi 1 cikin biliyan 100 na daƙiƙa. Ga shi kuwa abubuwa suna nan ba su ruguje ba.

Akwai kuma wani awo da ya daɗe yana jira. Idan aka sa wa haidurojin wutar lantarki ya yi haske, aka raba hasken da gilashi mai kusurwa uku, ba a samun dukan launukan bakan gizo. Layuka huɗu kawai ido ke gani, masu tsawon zango nanomita 656, 486, 434 da 410. Nanomita kashi 1 ne cikin biliyan na mita. Balmer, malamin makaranta a Basel, ya samo ƙa'idar lissafi da ke ba da waɗannan lambobi a 1885, amma ba wanda ya san dalilinta.

Niels Bohr, ɗan ƙasar Denmak, ya ce a 1913 elektiron ba ya zama ko'ina, sai a wasu matakai ƙididdigaggu, kuma yana kan mataki ba ya fitar da haske. Haske yana fita ne idan ya sauko daga mataki zuwa mataki, kuma kuzarin hasken shi ne bambancin matakan biyu. Lissafin yana da sauƙin da ɗan aji biyar zai yi shi da na'urar lissafi ta hannu. Kuzarin da ke riƙe elektiron a kowane mataki shi ne 13.6 a raba da lambar matakin sau kanta, a ma'aunin elektiron-bolt. Mataki na 1 ya ba da 13.6, na 2 ya ba da 3.40, na 3 ya ba da 1.51, na 4 ya ba da 0.85. Saukowa daga na 3 zuwa na 2 bambancinsa 1.89. A raba 1,240, lambar da ke mayar da kuzari zuwa tsawon zango, da 1.89, a samu 656, jan layin nan. Daga na 4 zuwa na 2 bambancin 2.55 ne, ya ba da 486. Abin da ya girgiza masana shi ne Bohr bai aro 13.6 daga layukan ba. Ya fitar da ita daga nauyin elektiron, cajinsa, da lambar da Planck ya kawo a 1900.

Tabbaci ya biyo baya da sauri. A 1914 Franck da Hertz a Jamus suka harba elektiron cikin tururin zaiba, suka ga ƙwayoyin zaiba ba sa karɓar kuzari sai ya kai 4.9, ƙasa da haka ba sa karɓar komai. Henry Moseley kuma a 1913 ya auna hasken eksire da sinadarai ke fitarwa, ya nuna cewa abin da ke jera su a jadawali shi ne cajin cibiya, ba nauyi ba. Shi ya sa agon mai nauyi 39.9 ke gaban fotasiyam mai 39.1: cajinsu 18 da 19 ne. An kashe Moseley a yaƙin Gallipoli a 1915 yana da shekara 27.

Siffar Bohr tana aiki ne ga ƙwaya mai elektiron ɗaya tak. Da aka kai ta ga hiliyam mai biyu, ta kasa ba da 24.6 da aka auna wajen cire elektiron na farko. Ba ta faɗin me ya sa wani layi ya fi wani haske, ba ta bayyana yadda ƙwayoyi biyu ke haɗuwa, kuma ba ta faɗi dalilin da ya sa matakan suke ƙididdigaggu ba. Sommerfeld ya yi mata kwaskwarima a 1916, ta ɗan ƙara nisa, sannan ta tsaya.

Abin da ya maye gurbinta

De Broglie ya ce a 1924 elektiron yana da halin igiyar ruwa, yana da tsawon zango. Davisson da Germer sun tabbatar da haka a 1927 da ƙarfen nikel, haka ma G. P. Thomson, ɗan wanda ya gano elektiron ɗin. Heisenberg a 1925 da Schrödinger a 1926 suka kafa cikakken lissafin, kuma a cikinsa matakan Bohr suna fitowa da kansu ba sai an ɗora su da hannu ba, domin igiyar da aka tsare a wuri ɗaya wasu siffofi kaɗai take iya ɗauka. Max Born ya fassara lissafin da cewa yana ba da yiwuwar samun elektiron a kowane wuri. Heisenberg kuma ya nuna a 1927 cewa ba a haɗa cikakken sanin wurinsa da cikakken sanin gudunsa, don haka maganar hanyar da yake bi ta faɗi.

Abin da ake kira obital shi ne yankin da aka zana inda yiwuwar samun elektiron ta kai kusan kashi 90 cikin 100. Ba hanya ba ce, ba kuma bango gare shi ba. A haidurojin, nisan da aka fi samun elektiron daga cibiya shi ne nanomita 0.053, daidai da nisan kewayen farko na Bohr daga cibiya, kuma kuzarin matakan shi ne dai 13.6 ɗin nan. Sabon lissafin ya haɗiye abin da tsohon ya samu daidai, ya kuma warware hiliyam da haɗuwar haidurojin biyu. Da ƙa'idar Pauli ta 1925, wadda ta ce obital ɗaya ba ya ɗaukar fiye da elektiron 2, sai lambobin 2, 8, 18, 32 suka samu tushe: obital iri s guda 1 ne, p guda 3, d guda 5, f guda 7, kowane a ninka shi biyu.

Ita ma cibiyar an shiga cikinta. Rutherford ya fitar da furoton, wato cibiyar haidurojin mai cajin fozitif, daga naitirojin a gwajin da ya buga a 1919. Amma hiliyam cajinsa 2, nauyinsa 4, saura biyun daga ina? James Chadwick ya amsa a 1932 da gano niyutiron, mai nauyi kusan na furoton amma ba caji. Wannan ya bayyana abin da Soddy da Aston suka riga suka gano, cewa sinadari ɗaya yana da ƙwayoyi masu nauyi dabam-dabam. Kilorin 35.5 ba rabin ƙwaya ba ne, gauraye ne na kusan kashi 76 mai nauyi 35 da kashi 24 mai nauyi 37. Yuraniyom ɗin da ake haƙowa a Arlit ta Nijar, kashi 0.7 cikin 100 ne kawai mai nauyi 235, wanda shi ne ke fashewa cikin sauƙi idan niyutiron ya shige shi, fashewar yuraniyom kuwa Hahn da Strassmann ne suka gano ta a 1938, Meitner da Frisch suka bayyana. Ƙaramar tukunyar nukiliya da ke Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya tun 2004 da niyutiron take aiki wajen gano sinadaran da ke cikin ƙasa, duwatsu da abinci. Furoton da niyutiron su ma an gano a gwaje-gwajen Stanford na ƙarshen shekarun 1960 cewa suna da ƙananan sassa, ta hanyar jifa irin ta Rutherford.

To, ko ta yanzu ma za ta faɗi? Tana da iyaka, kuma an san iyakar. Lissafin Schrödinger ba ya warwaruwa cif-cif sai ga elektiron ɗaya, sauran duka kwamfuta ce ke kusantar amsarsu. A ƙwayoyi masu nauyi sai an haɗa da nazariyyar Einstein ta abubuwa masu gudun kusa da na haske kamar yadda Dirac ya yi a 1928, in ba haka ba ba za a bayyana launin zinariya ko zaman zaiba ruwa-ruwa ba. Masana har yau suna saɓani kan abin da igiyar take nufi a haƙiƙa. Amma lissafin da awon sun dace a wasu wurare har lambobi fiye da 10 bayan ɗigo, kuma duk abin da zai zo gaba dole ya ba da waɗannan lambobin. Batun gani kuwa, tun 1981 akwai na'urar da Binnig da Rohrer suka ƙera a Zurich mai bin saman ƙarfe da tsini tana fitar da hoton ƙwayoyi ɗaiɗai, kuma a 1989 an jera ƙwayoyin zenon 35 ɗaya bayan ɗaya aka rubuta IBM da su. Hoton daga awon lantarki ake gina shi, domin zangon hasken da ido ke gani ya fi ƙwaya faɗi ninki dubbai.

Wacce za a koyar, kuma yaya

Ra'ayina shi ne a ci gaba da koyar da zanen Bohr, amma a faɗa wa yara iyakarsa tun ranar farko. Yana ba da adadin elektiron na waje, daga nan rukunin sinadari da yadda yake haɗuwa, kuma yana aiki lafiya har kalsiyam mai lamba 20. Shi ya sa WAEC da NECO ke tambayarsa. Inda na fi ganin yara suna faɗuwa shi ne fotasiyam: an ce musu mataki na uku yana ɗaukar 18, sai ga shi an rubuta 2, 8, 8, 1. Zanen da'ira ba shi da amsar wannan. Amsar tana wurin obital, inda 4s ke cika kafin 3d. Haka kuzarin cire elektiron na farko: beriliyam 899, boron 801, naitirojin 1,402, oksijin 1,314, a kilojul kan kowane mol, wato ƙwayoyi 6 da sifiri 23 ɗin nan. Zanen Bohr yana sa ran lambar ta yi ta hawa daga hagu zuwa dama, sai ga ta tana saukowa sau biyu. Ka ɗora waɗannan lambobi a allo ka bar su su nemi dalili, daga nan buƙatar s da p za ta fito musu da kanta.

Akwai gwaji biyu da ba sa buƙatar ɗakin gwaje-gwaje. Na farko na girman ƙwaya ne. A cika babban faranti mai tsabta da ruwa, a barbaɗa hoda kaɗan a sama, a ɗauko ɗigon man zaitun a bakin siririyar waya, mai faɗin rabin milimita, a taɓa tsakiyar ruwan. Man zai baje ya ture hodar ya yi da'ira mai faɗin kusan santimita 20. Girman ɗigon 0.065 ne a milimita kiyubik, shimfiɗar da'irar kuma 31,400 a milimita murabba'i. A raba na farko da na biyu, kaurin ya fito kusan nanomita 2. Tsawon molekul ɗaya na man ke nan, wato ƙwayoyin zarra da suka haɗu wuri guda, kuma tun da sarƙarsa tana da kabon 18 a jere, kowace ƙwaya ta kama kusan nanomita 0.1. Abin da ke ɓata shi uku ne: farantin da ke da maiƙo ko sabulu, hoda mai yawa da ke tare man, da ɗigo babba da ke kai wa bakin faranti kafin ya gama bajewa.

Na biyu na layukan haske ne. A samu ƙaramin kwali, a yi masa tsaga mai faɗin milimita 1 da reza biyu a gefe guda, a soka tsohon faifan CD a ɗaya gefen a karkace kamar digiri 60, a huda kafar leƙawa a samansa. Ƙwan fitila mai zare yana ba da launuka a haɗe ba yankewa. Dogon ƙwan fitila mai tururin zaiba yana ba da layuka rarrabe, kore a 546 da shuɗi a 436. Gishiri da aka barbaɗa a shuɗin harshen wutar gas yana ba da rawaya a 589, na sodiyam. Kada a yi amfani da farin ƙwan LED, domin haskensa a baje yake ba ya nuna layuka, kuma kada a nufi rana da tsagar kai tsaye. In tsagar ta yi faɗi layukan za su haɗe, sai a matso da rezojin har su rabu.